Takalmin da Na Ɗinka Ne Ya Taka Shi

Malama,

Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma in da hali kada wasiƙar nan ta kwana a ƙarƙashin tulin na masu kukan soyayya, domin kwana goma sha biyu kacal suka rage mini. Ban taɓa rubuta wa jarida ba. Ni ne mai yi wa masu kai sirrin gidansu gaban baƙo dariya, yau ga ni na zo da nawa niƙi-niƙi.

Shumeka ne ni, kuma ba na jin kunyar sunan. Shekara goma sha ɗaya ke nan da barina gida. Ina aiki a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin bene kusa da tashar jirgin ƙasa, a ƙasar da har yau ba a iya faɗin sunana daidai ba. Tagar shagon daidai take da daɓen titi, saboda haka daga safe har yamma ƙafafu nake kallo suna wucewa, ba fuskoki ba. Ki nuna mini hoton maƙwabcina, sai in yi ta kame-kame. Amma ki miƙo mini takalminsa, yanzu in gaya miki yana da ciwon baya ko babu, yana jan ƙafa ko yana dokawa, shi ke ɗaukar kaya a wurin aikinsu ko shi ke nuna a ɗauka. Ki riƙe wannan a ranki, don daga nan masifata ta fito.

Ina da ƙane ɗan sanda, shi ne autanmu. Auta muke ce masa har yau da ya tara gemu da 'ya'ya uku. Shekara huɗu da suka wuce ya faɗo daga bayan motar sintiri, irin wadda ake ɗaure ƙofarta da igiya, ƙafarsa ta hagu ta karye. Aka yi masa gyaran da aka ga dama, ƙafar ta warke amma ta gaza 'yar'uwarta da kaurin yatsa biyu. Rundunar da ya karye a bakin aikinta ta aiko masa da takardar fatan samun sauƙi, da sunan wani a kai. Takalmin da suke raba musu kuwa, na sha farke irinsa: kwali ne a ciki, wallahi kwali, ruwan sama ɗaya ya ishe shi. Sai na ce wa Auta ya taka takarda mai kauri ya zagaye sawunsa da biro ya aiko mini. Na zauna na ɗinka masa takalmin aiki da hannuna, mai rufe idon sawu, na ƙara wa na hagu tsayi. Robar kirki da na samu a lokacin ta wani tsohon bel ɗin inji ce, koriya shar. Na yanka na saka ta tsakanin fata da tafi, sai ta fito kamar koren layi kewaye da ƙafar hagu ita kaɗai. Har na ɗauko baƙin fenti zan shafe, sai na ce wa zai tsaya kallon ƙasan ƙafar ɗan sanda? Ranar da takalmin ya isa ya turo mini hoto yana tsaye ƙyam, ya rubuta cewa Yaya yau an yi fareti ba wanda ya kira ni gurgu. Kwana uku na yi ina nuna wa mutane hoton nan, har waɗanda ba su tambaya ba.

To, mako biyar da suka wuce aka yi abin da aka yi a garinmu. Ko ba ki ji namu ba kin ji irinsa. Wani direban bas ne aka tare a shingen bincike da hantsi, aka karɓe takardunsa aka ƙi ba shi. Laifinsa shi ne ya ce wanda ya karɓa ya faɗa masa sunansa. 'Yan sanda uku suka fizgo shi daga mota, dukkansu sun rufe fuska da ƙyalle, suka kwantar da shi a kan kwalta. Biyu da kulki, ɗaya da ƙafa. Mai ƙafar ya taka masa ƙirji sau huɗu. Wata mata a saman bene ta ɗauka da wayarta. Bayan kwana biyu direban ya cika a asibiti.

Daga nan gari ya kama. Ranar farko mutane suka fito da kwalaye da ganye a hannu, aka tarbe su da barkonon tsohuwa. Rana ta biyu suka dawo da duwatsu. Rana ta uku ba a ma san wa ya fito ba, aka ƙone ofishin 'yan sanda biyu, da layin masu kayan gini, da kantin maganin da Innarmu ke karɓar maganinta, wanda ban san laifin da ya yi wa direba ba. Na ga wani gwarzon neman adalci yana gudu da firji a ka. Kakakin rundunar kuwa, Allah ya ba shi lafiyar harshe: ranar Litinin ya ce direban santsi ya kwashe shi, Laraba ya ce da ma yana da ciwon zuciya, Alhamis ya ce hoton haɗi ne na maƙiya, ranar Asabar ya ce an kafa kwamiti don a binciki abin da ya ce bai faru ba. Duk da fuska ɗaya, ko ƙyafta ido bai yi ba.

Ni na ga hoton ne da tsakar rana, a wayar mai yankan makulli da muke raba shago da shi. Duniya duka lambar da ke ƙirjin mai takawar take kallo. Ni kuwa, da yake Allah ya ɗora mini abin da ya ɗora mini, ƙafa na kalla. A taku na uku tafin ya ɗaga sama, rana ta haska shi. Koren layi, a ƙafar hagu kaɗai. Na ce wa mai makulli ya maimaita. Ya maimaita sau shida, har ya tambaye ni ko mamacin ɗan'uwana ne. Na ce a'a. Ban yi ƙarya ba.

Yanzu ga inda abin ya fi ci mini rai. Masu binciken waya, waɗanda kowannensu alƙali ne a kan katifarsa, suka faɗaɗa hoton suka karanta lambar, suka tono mai ita. Lambar ta Baba Mai Begila ce. Dattijo ne da ke busa begilar tashi da ta fareti a bariki, ya kusa sittin, saura shekara biyu ya ajiye aiki. Na san shi kamar tafin hannuna, don kafin in bar gida shekara tara na yi da bencina a jikin katangar barikin nan. Ƙafar Baba lamba talatin da tara ce, shimfiɗaɗɗiya, yana taka ta da gefe saboda ciwon gwiwa. Ƙafar da ke hoton arba'in da biyar ce. Mutumin da sai ya dafa bango yake hawa matakala uku, shi ne wai ya yi tsalle a kan ƙirjin ƙato sau huɗu. A shekara talatin na aikinsa ban san abin da Baba ya taɓa duka ba in ban da lotsawar begilarsa, ita ma gudumata yake aro.

Yadda lambar ta je ƙirjin wani, daga bakin Auta na ji. Ashe dabara ce tasu ta tun da daɗewa. In za su fita aikin da suka san hannu zai yi nauyi, babbansu kan ajiye bokiti a tsakar ofis, kowa ya ciro lambarsa ya jefa, a girgiza, kowa ya ɗauki wadda hannunsa ya faɗa a kai. In an kawo ƙara da lamba, sai a buɗe takardar aiki a nuna mai lambar yana wani wuri a ranar, magana ta mutu. Ran nan lamba ɗaya ta kasa, sai wani ya shiga ɗakin kayan busa ya ciro ta Baba daga rigarsa da ke rataye a ƙusa, ya cika bokiti. Da a ce lokacin lafiya ne, da dabarar ta yi aikinta kamar kullum. Amma gari na ci da wuta, manya na neman wanda za su jefa wa jama'a, sai ga tsoho marar kowa a sama ya faɗo musu a hannu. Shafin da ya nuna Baba yana bariki a safiyar ya yi ƙafa ya fita daga littafin aiki. Mutum arba'in da suka ji busarsa da kunnensu duk sun kurmance rana ɗaya. Jama'a kuma suka je gidan da yake haya suka cinna masa wuta, har da keken ɗinkin babbar 'yarsa. Matarsa da 'ya'yansa mata suna ɓoye a wurin dangi. Shi yana tsare, nan da kwana goma sha biyu za a gurfanar da shi a kotu da laifin kisa.

Na kira Auta. Da farko dariya ya yi, wai Yaya takalmi nawa ne a duniya, sanyin ƙasar mutane ya fara taɓa maka kai. Na ce masa ni na san ɗinkina, a dunduniya nakan koma baya sau biyu, kuma ba wani mahaukaci a duniya da zai sa koriyar roba a ƙafa ɗaya sai yayansa. Sai ya fara: wai ba na nan, ban san komai ba, awa goma sha tara suka yi a tsaye ba ruwa ba abinci, direban ya zage shi ta uwa a gaban fasinja, kowa ma ya sa hannu, shi bai yi nufin kisa ba. Wai in ya buɗe baki abokan aikinsa za su gama da shi kafin alƙali ya gyara zama. Duk na saurara, har na ji tausayinsa. Sai ya ƙara da cewa ai Baba tsoho ne, ɗan hukunci kaɗan za a yi masa don idon jama'a, in ƙura ta lafa a sake shi a ɓoye. Malama, yaron da na goya a bayana ne ya faɗi wannan, da muryar mai karanta farashin kaya.

Ban so yayarmu ta ji ba, amma ta ji. Ta kira ni ta wanke ni tas. Ta ce sannu waliyyin waya, kai da ka gudu ka bar mu yau kai ne mai gaskiya daga nesa. Ta ce wa ke ɗaukar Inna a baya ya hau da ita benen asibiti duk mako, kai ko Auta? Ta ce in sunan Auta ya fita, gidan da za a ƙone Inna ce kwance a ciki, ni kuma ina can ina goge takalmin masu kuɗi, hayaƙin ma ba zai iso ni ba. Na so in yi mata musu, na duba na rasa inda ta yi ƙarya. Auta ne ke ɗaukar Inna. Auta ne ke yanke mata farce. Ni saƙon murya nake turawa, a kunna mata ta sa mini albarka.

Kada ki ɗauka ni mai ƙin 'yan sanda ne ido rufe, ko da yake ina da dalili. Sau uku suna kwashe mini benci. Na ƙarshe, wanda ya mare ni takalmin da na gama gyara masa ne a ƙafarsa, gam ɗin bai ma bushe ba. Marin nan ne ya sa na bar gida. Amma na zauna a ƙofarsu shekara tara, na ga irin ɗakunan da suke kwana, na ga matansu na layin ruwa, na ga wanda aka kawo gawarsa aka ce iyalinsa su fita daga bariki kafin wata ya ƙare. A rikicin nan ma an kama wani ɗan sanda mai ba da hannu a titi, wanda ko sanda ba ya riƙewa, aka fasa masa kai, masu waya suna tafi. Kowa a garin nan yana da wanda ya fi ƙarfi, kuma kowa ya same shi sai ya taka. Sai dai a ranar marin nan, da suka watsar da kayana a kwata, mutum ɗaya ne ya bi ya tsince gudumata da basillata, ya naɗe a tsumma ya kawo mini har gida. Baba Mai Begila ne. Basillar tana nan, da ita nake aiki. Da ita na ɗinka takalmin.

Abin da ya sa na kasa haƙuri na ɗauki biro shi ne saƙon da Auta ya turo jiya. Wai ya ƙone takalmin, ɗingishi ya dawo, bayansa na ciwo, don Allah Yaya a ɗinka masa wani, amma wannan karon baƙi ƙirin har ƙasa. Kuma in goge hotunan tsohon takalmin da ke wurina. Ko gaisuwa babu.

Ban goge ba. Takardar da ya zana sawunsa tana cikin akwatina da rubutun hannunsa a kai. Ragowar robar tana nan da gurbin da na yanka. Hoton takalmin a kan bencina yana nan, da nasa yana sanye da shi. In na fitar, na kashe ƙanena, wataƙila har da uwata. In na ɓoye, na kashe mutumin da ya tsince mini basilla a kwata. Kada ki ce mini in yi addu'a kawai, ina yi, kuma duk sanda na shafa sai in ga koren layin nan. Me zan yi?

Naki,
Shumeka mai kallon ƙafafu


Ɗan'uwa Shumeka,

Wasiƙarka ba ta kwana a ƙarƙashin komai ba. Allah ya jiƙan direban nan, ya ba iyalinsa haƙuri, kai kuma ya sassauta maka.

Bari in fara da abin da ba za ka so ji ba. Ka iya raini, kuma kusan duk wanda ka raina ya ci a raina shi: kakakin da ke sauya magana kamar riga, gwarzon firji, alƙalan katifa, mutum arba'in da suka kurmance. Amma ka lura, mako huɗu ke nan dattijon nan yana tsare, kai kuma kana zaune kana gyara jimlolin da za ka kwatanta lalacewar kowa. Mutum arba'in sun ji busa sun yi shiru. Kai ka ga ƙafa ka yi shiru. Zuwa yau ku arba'in da ɗaya ne. Na san ka sani, shi ya sa ba ka goge hotunan ba. Ba tambayata kake ko ka yi magana ba. Tambayarka ita ce ta yaya, kuma me zai rage maka bayan ka yi.

Auta yana da gaskiyarsa, ba zan hana shi ba. Ba shi ya ƙirƙiro bokiti ba. Rundunar da ta karya masa ƙafa ta bar shi da ɗingishi ita ce ta tsayar da shi awa goma sha tara, kuma tsoron da yake yi wa abokan aikinsa ba tsoron banza ba ne. Sai dai gajiya ba ta ɗaga ƙafar mutum sau huɗu. Ko ma mun bar wa kotu abin da ya faru a kan kwalta cikin zafin rai, akwai abin da yake yi yanzu: kullum ya tashi da safe, ya ci ya ƙoshi, hankalinsa kwance, ya sake zaɓar tsoho ya mutu a madadinsa. Wannan ba zafin rai ba ne. Kuma kada ka yarda da zancen ɗan hukunci kaɗan. Wanda aka miƙa don a kwantar da gari ba a sakinsa a ɓoye.

Yayarku ma tana da gaskiya, kuma tata ta fi ta kowa nauyi a kanka. Wutar ba za ta isa shagonka ba. Saboda haka ba ka da ikon faɗin gaskiya ka koma kan benci ka bar mata tokar. Kafin ka buɗe baki, Inna ta bar gidan nan, ita da matar Auta da 'ya'yansa, zuwa wurin dangin da unguwa ba ta sani ba. A san wanda zai riƙa kai ta asibiti. In takardunka za su bar ka ka je gida ka dawo, ka je, ka ɗauke ta a bayanka ka hau benen nan ko sau ɗaya ne. Kuma kai za ka gaya mata da bakinka, kada ta ji a bakin maƙwabta.

Ko da wasa kada ka sa hoton nan a waya don duniya ta gani. Ka ga abin da jama'a suka yi da lamba kawai. Ba ka bukatar ganin abin da za su yi da suna da adireshi.

Gobe, ba jibi ba, ka nemi lauya mai zaman kansa wanda ba ya cin abinci a hannun rundunar. Ka ba shi kwafin komai, takardar sawu da robar kuma ka ajiye su yadda suke, kada ka gyara, kada ka ƙara. Wani kwafin ya zauna a hannun mutum ɗaya da ka yarda da shi. Sai bayan kayan sun fita daga hannunka kai kaɗai za ka kira Auta, don kada kuka ko barazana su sa ka yi abin da ba ya gyaruwa.

In ka kira shi, ka bar zagi, ka iya shi amma ba ranarsa ba ce. Ka gaya masa kwana biyar ka ba shi ya je da ƙafarsa, tare da lauyan kansa, gaban mai gabatar da ƙara ko hukumar da ba ta ƙarƙashin babbansu. Kada ya kuskura ya fara da ofishinsu. Ka fahimtar da shi cewa yana riƙe da abin da ya fi takalmi daraja: ya san bokiti, ya san wanda ke ajiye shi, ya san shafin da ya ɓace. Wanda ya zo da kansa ya buɗe wannan, lauyansa na da abin da zai nema masa kariya da sassauci da shi. Wanda aka jawo bayan ya ƙone shaida ba shi da komai. Sannan ka faɗa masa a fili cewa in rana ta shida ta yi bai je ba, kayan za su isa hannun lauyan Baba. Ba a bayan idonsa za ka yi ba, kuma ba za ka ƙara kwana ɗaya ba.

In ta kai ka ba da shaida, ka tsaya a kan sana'arka. Kai ka ɗinka takalmin, ga wanda ka ɗinka wa, ga lambar ƙafarsa, ga ta Baba. Ka ce a kawo tsohon a auna ƙafarsa a gaban alƙali. Ba kai za ka ce wane ne ya yi kisa ba, su uku ne a wurin, akwai likita, akwai kotu. Kai shumeka ne, kuma a shari'ar nan shumeka ya isa.

Akwai wadda ba ta fito a wasiƙarka ba ko a gefe, matar direban. In aka ɗaure Baba, ita ma an cuce ta karo na biyu: za a ce mata an yi mata adalci, bokiti kuma ya koma tsakar ofis yana jiran direba na gaba.

Ba zan yi maka alkawarin daɗi ba. Mai yiwuwa yayarku ta daina ɗaukar wayarka. Mai yiwuwa Inna ta juya maka fuska na wani lokaci. Auta zai iya shekaru a tsare, kotun ma za ta iya ba ka kunya. Abin da na sani shi ne ɗayar hanyar ma ba ta cece shi ba. Za ta bar maka ƙane mai yawo a gari da sanin cewa ya taka mutum biyu ya wuce lafiya, kuma yayansa ya riƙe masa fitila.

Saura maganar takalmi. Ka ɗinka masa. Ƙafarsa ba ta daina gazawa ba don ya yi laifi, kai ma ba ka daina zama yayansa ba. Ka ɗauko basillar nan ta Baba, ka ƙara wa na hagu kaurin yatsa biyu kamar da, ka aika masa tare da sunan lauya a cikin kwalin. Ka rubuta masa cewa ba na sintiri ba ne. Na ranar da zai tsaya gaban alƙali ne, don in ya tashi faɗin abin da ya yi, ya faɗe shi a tsaye daidai.

Allah ya fitar da Baba Mai Begila, ya ba Inna lafiya, ya shiryi Auta, kai kuma ya ƙarfafa maka hannu.

Malama